Jaririyar Magen Dakta Kalilu

"Ni dabba ba ta ɓoye mani shekarunta," in ji Kalilu. "Raƙumi ne, sa ne, ɗan akuya ne, in dai na buɗa bakinshi zan gaya maka shekarar da anka haife shi. In ka matsa mani in gaya maka watan."

A rumfar mai shayi ya yi wannan magana, can bakin iyaka a Magama, inda direbobin manyan motoci ke zaman jiran a duba musu takardu. Babu wanda ya musa masa. Duk wanda ya san Kalilu ya san musu da shi asarar shayi ce, kafin ya gama ba ka amsa kofinka ya huce.

Bari in gaya maka inda wannan ilimi ya samo asali, ɗan'uwa, don kada ka zaci wata jami'a ya je. Wata shekara ma'aikatan dabbobi sun zo kara, kasuwar dabbobi, yi wa shanu allura, suka rasa mai riƙe igiya, Kalilu ya riƙe musu har mako uku. A nan ya ga ana buɗe bakin sa a ce wannan bai fid da manyan haƙora ba, yaro ne, wancan bakinsa ya cika, ya manyanta. Shi ke nan karatun. Ana gama allurar ya sayi farar riga irin ta likitoci a gwanjo, ya saƙala biro uku a aljihu, ya ce daga yau a kira shi Dakta. Mutanen Jibiya ba su da rowar suna, suka ba shi.

Ainihin aikin Dakta kuwa riƙon makullin sito ne. Yayan matarsa, Alhaji Zunnuraini, yana sayo dabino da cuku daga Nijar, yana tarawa a wani sito kusa da kasuwa, shi ne ya damƙa wa Kalilu makullin don ƙanwarsa Suwaiba ta samu na cefane. Makullin nan Kalilu ba ya sa shi a aljihu. A wuya yake rataye shi, a kan farar rigar, don kowa ya gani.

To, sai ɓeraye suka gano siton. Ran nan Alhaji ya zo ya ɗaga buhun dabino, buhun ya taso, dabinon ya zauna a ƙasa. Ya buɗe kwalin cuku ya tarar an yi masa ƙofofi da tagogi. Alhaji mutum ne marar hayaniya, kuma irin waɗannan su ne abin tsoro. Ya ce ba ya son a sa guba, domin abinci ne na mutane. A nemo mage. Ya ba Kalilu mako biyu, zuwa Lahadi ta sama, ranar kasuwa.

"In na dawo na ga kashin ɓera ko guda," ya ce, "makullin ga ya bar wuyanka. Kuma ko Suwaiba ta yi kuka ba ni dubawa."

Gaskiya Kalilu ya tsorata. Ba makullin kawai ba ne, tuwon gidansa ne, kuma shi ne abin da ya sa ake matsa masa wuri a bencin mai shayi. Amma tsoro bai taɓa hana bakinsa aiki ba. Ya ce wa Alhaji ai faɗuwa ta zo daidai da zama, harkar dabba ce.

Da ya koma gida Suwaiba ta ce abin ai mai sauƙi ne. Maƙwabciyarsu Safara'u tana da wani muzuru baƙi wanda ya share ɓerayen unguwa kaf, har kajin mutane yake harara, kuma za ta ba su aro. Kalilu ya tambayi shekarunsa. Aka ce huɗu. Sai ya yi wata irin dariya ta tausayin jahilai, ya zaro biro ɗaya daga cikin ukun.

Abin da ya faru shi ne, kwanakin baya ya ji wani shiri a rediyo, mai bayani ya ce shekarar farko ta mage daidai take da shekara goma sha biyar ta ɗan'adam. Mai bayanin bai gama ba, yana cewa "amma daga nan", Kalilu ya kashe rediyon, domin ya riga ya gane, kuma akwai mutane a kusa da ke bukatar ya fassara musu. Saboda haka yanzu ya rubuta huɗu sau goma sha biyar a bayan kwalin ashana ya nuna wa matarsa.

"Sittin," ya ce. "Ɗan shekara sittin kike son in ba gadin dukiyar Alhaji? Wanda ya kamata a ce yana gida yana karɓar fansho?"

"Malam, jiya na gan shi ya haye katanga ya kamo ƙadangare."

"Ƙarfin hali ne na tsufa. Ke ba fanninki ba ne."

Kwana biyu Dakta yana yawo a Jibiya yana yi wa maguna intabiyu. Mai shekara uku ya ce arba'in da biyar ke nan, ciwon baya ya fara. Mai shekara biyu ya ce talatin, ta yi iyali, hankalinta ya rabu. Ya kai har Daddara a kan wata da aka yi masa kwatance, ya dawo ya ce ta haura saba'in, har ya yi mata addu'ar cikawa da imani. Da masu maguna suka gaji da cin mutunci, sai ya zama duk gidan da ya yi sallama a ce masa magen ta fita unguwa.

Rana ta uku ya hau kabu-kabu ya tsallaka Nijar, ya ce can ne ake samun kaya na asali. A wani ƙauye kafin Ɗan Isa ƙishi ya kama shi, ya tsaya neman ruwa a ƙofar wata tsohuwa mai suna Nana, sai ga maguna har huɗu a tsakar gida. Ya gyara farar riga, ya gabatar da kansa. Nana ta ji an ce likita, ta shimfiɗa tabarma tana "sannu da zuwa, Lokotoro".

Ta kamo masa wata ja mai sheƙi, jiki duk tsoka. Kalilu ya danne ta kamar yadda ya ga ana danne sa, ya buɗe bakin. Haƙora reras, farare, masu tsini, kuma nan take ta gwada masa su a babban yatsa. Ya sake ta yana yarfe hannu, ya yanke hukunci cewa bakinta ya cika, ta tsufa, kuma tsufan ya zo mata da baƙin hali.

Sai idonsa ya faɗa kan wata 'yar mage a gindin randa, a dunƙule kamar tsumman goge tukunya. Ya ɗaga ta, ba nauyi. Ya buɗe bakin, ba ta ko motsa ba. Ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, dasashi ne zalla, sumul. Zuciyarsa ta yi fari.

"Alhamdu lillahi. Ko haƙori ba ta fara ba. Sabuwa dal."

"Wagga?" in ji Nana. "Ɗana, ai wagga mussa ita ce..."

Kalilu ya ɗaga mata hannu. "Iya, kowa da aikinshi. Ke ki ba ni ita. Nan da kwana goma ki zo Jibiya, siton Alhaji Zunnuraini, ki gan ta da haƙora cike da baki."

Nana ta kalle shi. Ta sa harshe ta shafa nata dasashin, wanda shi ma ya daɗe da zama fili. Ta tambaye shi ko da gaske yake, haƙora za su fito. Ya ce ya rantse da farar rigarsa. Tsohuwa ta cika da murna, ta ce lallai ilimi ya ci gaba a Najeriya, ta nemo kwali da kanta ta shimfiɗa tsohon zane a ciki, ta roƙe shi ya riƙa jiƙa mata abinci ya yi laushi. Ita a ganinta asibiti za a kai magenta. Shi kuwa a ganinsa ya yi wa 'yar ƙauye wayo, ya raba ta da jaririya kyauta.

A bakin iyaka wani jami'i ya ce a buɗe kwali. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya tambaya ko tana da rai. Kalilu ya ce barci take, jaririya ce. Jami'in ya sake kallon magen, ya kalli farar riga da biro uku, ya ce Allah ya raya, ya ɗaga musu sanda.

Suwaiba ce ta fara kawo ƙorafi, amma duk ƙofar da ta buɗo Dakta yana da murfinta. Ta ce jaririya ce da wannan tsawo? Ya ce magunan Nijar jinsin sahara ne, da girmansu ake haifarsu. Ta ce gashin bakin ya yi fari. Ya ce launin gidansu ne. Ta ce idon kamar da hazo a ciki. Ya ce wane jariri ne idonsa ke washewa rana ɗaya? Da magen ta miƙe ta yi taku uku tana tangaɗi ta koma ta kwanta, har tafi ya yi, ya ce tatata take koyo. Suwaiba ta ce ita dai kakarta ta Farfaru haka take tafiya. Ya ce mata kishi ne.

Aka kai jaririya sito, aka yi mata shimfiɗa a tsakiyar buhuna. Tun da ba ta iya tauna, Kalilu ya riƙa ɗebo cukun Alhaji yana jiƙawa a ruwan ɗumi yana dama mata, wai don ƙashi ya yi ƙwari. Takan lasa sau biyu ta koma barci. Sauran kuma ba ya kwana, kullum da safe kwanon a wanke yake tas, Dakta yana ta murna cin abincinta ya ƙaru. Sai ya ƙara yawan cukun.

Kai da kake jin labarin ka riga ka san masu wanke kwanon. Ɓerayen da a da sai sun sha wahalar huda kwali, yanzu an jiƙa musu, an dama, an ajiye a ƙasa. Cikin mako guda suka yi ƙiba, gashinsu ya kwanta, suka aika wa dangi na unguwannin nesa. Wata safiya Kalilu ya buɗe ƙofa ya tarar da wani ƙaton ɓera ya jingina da cikin magen yana shan ɗumi, ita kuma tana minshari. Ɓeran ya dube shi kamar mai tambayar wa ya ba shi izinin shigowa, sa'an nan ya tafi a hankali, ba gudu ba.

Da wani ne, da ya karaya. Dakta kuwa ya je rumfar mai shayi ya ba da labari cewa yarinyar tasa tana nazarin abokan gaba, tana barinsu su saki jiki, ranar da haƙora suka fito za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Ya gayyaci kowa da kowa ranar Lahadi. A ɓoye kuma kullum sau biyar yake buɗe bakin yana shafa dasashi da yatsa. Ya sayo garin da ake ba yara masu haƙori ya shafa mata. Ya ɗaura mata ɗan wuri a wuya. Ranar Juma'a har sadakar ƙosai ya yi da niyyar Allah ya fito da su. Dasashi dai na nan sumul.

Lahadi ta zo. Da hantsi Alhaji Zunnuraini ya iso, tare da Sakinatu, 'yar wani amininsa, wadda take aikin duba lafiyar dabbobin da ake shigowa da su ta iyaka, ta biyo shi ne ta sayi dabino. 'Yan rumfar shayi ma sun amsa gayyata, sun cika ƙofar sito. Kalilu ya sa makulli ya buɗe, yana addu'a a zuci ɓerayen su yi masa kara ko na awa ɗaya.

Ba su yi ba. Uku suna cikin kwanon, ɗaya yana kan buhu yana kallon baƙi. Alhaji bai nemi kashin ɓera ba, domin ga masu shi nan da kansu. Ya buɗe kwalin cuku na farko, wayam. Na biyu, rabi. Ya tambaya a hankali ko ɓeraye sun koyi buɗe kwali ta sama su mayar da murfi. Kalilu ya ce a'a, wannan abincin ma'aikaciya ne, jari ne aka zuba, za a ga amfaninsa da zarar ta yi haƙora.

Ana cikin haka sai ga kabu-kabu ya tsaya. Wani ƙato mai gemu ya sauko da Nana, a bayansu kuma wani babur ɗin ɗauke da tsofaffi mata biyu, kowace ta ci ado. Nana ta ratsa mutane tana tambayar ina Lokotoro.

"Sun fito?" ta ce. "In sun fito, ga mu mun taho mu ma. Ni na sama nika so, ƙawayena kuwa duk abin da ya samu."

Sakinatu ta tambaye ta me zai fito. Nana ta yi bayani tiryan-tiryan, yadda likitan Najeriya ya yi alkawarin mayar wa magenta haƙoran da suka zube shekara uku da suka wuce, bayan ya ƙi jar magen da ta cije shi, wai bakinta ya cika, ta tsufa. Wani daga cikin 'yan shayi ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Sakinatu ta durƙusa ta shafa magen, ta duba ido, ta taɓa ƙashin baya, sa'an nan ta tambayi shekarunta.

"Ranar sunan Faruk anka haife ta," in ji Nana, ta nuna ƙaton mai gemu da ya kawo ta. "Jikana ne. Kai Faruk, shekarunka nawa?"

Faruk ya ce goma sha tara.

Kalilu ya ce ƙarya ne, an haɗa baki, shi ya ji a rediyo da kunnensa. Sakinatu ta ce abin da ya ji gaskiya ne, sai dai bai tsaya ya ji ƙarshe ba. Shekarar farko ce kawai take goma sha biyar. Ta biyu tana kai mage kamar ɗan ashirin da huɗu, daga nan kuma kowace shekara kamar huɗu ce ta mutum. Wato muzurun Safara'u da ya yi wa ritaya bai wuce ɗan talatin da biyu ba, yana tsakiyar ƙarfinsa. Ta ƙara da cewa mage ba saniya ba ce, tun tana 'yar wata shida zuwa bakwai bakinta yake cika, wadda ta cije shi ita ce yarinyar.

"Wannan kuwa, Dakta," ta ce, "in mutum ce, tana da casa'in da biyu."

Alhaji ya karɓi biro ɗaya daga aljihun farar rigar, ya rubuta a jikin kwalin cuku da babu komai a ciki. Ya ce wannan lissafin Sakinatu ne. A lissafin Kalilu kuwa, goma sha tara sau goma sha biyar, ɗari biyu da tamanin da biyar ke nan.

"Kai a naka ilimin," ya ce, "ta girmi iyakar da ka tsallako da ita."

Nan fa dariyar da mutane ke dannewa ta ɓalle, har masu kanti na maƙwabta suka leƙo. Kalilu ya san makulli na shirin tafiya, ga kuma Suwaiba da zai koma ya tarar. Sai ya yi abin da ya saba, ya ƙara gaba. Ya ɗauki magen, ya juya ta wajen hasken ƙofa, ya wangale bakin iya ƙarfinsa, ya tura yatsa can ƙurya inda bai taɓa kaiwa ba. Yatsan ya ci karo da wani abu mai tauri.

"Ga shi!" ya daka tsawa. "Ga shi nan ya fito. Ku matso ku gani, masu dariya. Wa ya ce ban san aikina ba?"

Mutane suka matso. Tsofaffin nan uku suka turo kai gaba da kowa. Dakta ya kama abin da yatsu biyu don ya nuna wa duniya, ya ɗan girgiza shi kaɗan, sai ga shi a tafin hannunsa, ɗan guntun haƙori, ruwan ƙasa, duk ya cinye. Magen ta yi hamma ta koma barci.

Sakinatu ta leƙa tafin hannun. "Ba na farko ba ne, Dakta. Na ƙarshe ne."

Nana ta fizge magenta ta rungume, ta ce wa ƙawayenta su rufe baki su hau babur, wannan likitan cirewa yake yi.

Alhaji Zunnuraini ya miƙo hannu kawai. Kalilu, wanda kansa ya riga ya ɗaure, ya ɗora masa haƙorin a tafi da ladabi. Alhaji ya dube shi, ya dubi haƙorin, ya mayar masa a aljihun farar riga kusa da biro.

"Wannan riƙe, shi ne ladan aikinka," ya ce. "Makulli na ce."